GANI DA GANEWA

 In akwai Littafi Mai-tsarki kusa da ku, ku buɗe Bishara ta Yohanna sura 10, ku karanta daga aya 1 zuwa 16 tukuna, gama a kan wannan wuri za mu tsaya a watan nan.

A bakinmu na Hausa akwai kalmomi biyu masu-kama da juna, watau gani da ganewa. Baƙo ya kan shiga kasuwar Sheme ya ga shanu ɗari, dukansu farare, ya ce ai duk ɗaya su ke. Mai-saniya kuwa ya zo daga nesa, bai ko ƙaraso ba, ya miƙa sanda ya ce ga tawa can. Su biyu ɗin duk sun gani, amma mutum ɗaya ne ya gane.

Ba wanda ya manta da daren Jumma'a, 11 ga Disamba, 1920 da ɗari, watau shekara ta 2020, sa'anda 'yan bindiga su ka faɗa wa makarantar sakandare ta kimiyya ta gwamnati a Ƙanƙara, su ka kora yara su ka shiga daji da su. Kwana shida iyaye suna kuka, Musulmi da Kirista suna roƙon Allah. Ran 17 ga wata a ka sako yara 344, kashegari a ka kawo su Katsina. Sun sha tafiya, sun sha yunwa da sanyin hunturu, ƙura ta rufe su, da yawa ba ko takalmi. Duk da haka uwa ba ta bukatar a karanta mata lamba kafin ta san ɗanta. Cikin fuskoki fiye da ɗari uku, sa'o'in juna, masu-ƙura iri ɗaya, idonta ya kan faɗa a kan guda, nan take zuciyarta ta ce ga shi.

Yaya wannan ya ke faruwa? Masu-ilmi sun yi shekaru suna bincike, Allah kuwa ya yarda sun gano waɗansu abubuwa. Ya kamata mai-bi ya san su, domin ya ƙara yabon Mahaliccinsa, domin kuma ya tsare kansa daga wani zunubi mai-nauyi wanda za mu ambata a gaba.

Aikin ido da aikin ƙwaƙwalwa

Ido taga ne kawai. Haske ya kan shiga ta ƙwayar ido ya faɗa a kan wata fata mai-laushi a can baya, wadda ta ke juya haske ya zama saƙo. Daga kowane ido akwai jijiya guda mai-ɗauke da zarurruka fiye da miliyan ɗaya, ita ce ta ke kai saƙon cikin kai. Inda saƙon ya ke sauka kuwa, a ƙeya ne. Shi ya sa mutum ya kan yi mummunan faɗuwa ta ƙeya ya rasa gani, alhali idanunsa lafiya lau su ke.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi ba, amma a cikinta akwai ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, kowace tana haɗe da dubban 'yan'uwanta. A shekara ta 1959 waɗansu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, su ka gwada ƙwaƙwalwar kyanwa, su ka iske ƙwayoyin nan na ƙeya kowace da ɗan aikinta. Wata ba ta motsi sai ta ga layi a tsaye, wata sai layi a kwance, wata sai a karkace. Ashe hoton ba ya shiga gaba ɗaya, rarraba shi a ke yi gutsi-gutsi. Saboda wannan aiki a ka ba su babbar kyautar Nobel a 1981.

Daga ƙeya saƙon ya kan gangaro gaba, ta gefen kai, wajen saitin kunne. A kan wannan hanya a ke harhaɗa gutsattsarin nan: layi da layi su zama kusurwa, kusurwa da launi su zama ƙaho ko kunne ko hanci, har abin ya cika ya zama saniya, ko tulu, ko fuskar mutum. Kamar masaƙi ke nan, ya ɗauki zare ɗaya ɗaya, ya saƙa ƙwarya, ya ɗinka ƙwarya da ƙwarya har gwado ya fito. A 1997 wata malama a Amurka, Nancy Kanwisher, da abokan aikinta, su ka nuna wani ɗan wuri a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ya fi ƙarfi a dama, wanda ya ke tashi aiki ƙwarai sa'anda mutum ya ga fuska, fiye da sa'anda ya ga gida ko kujera.

Saurin abin ya isa mamaki. A 1996 Simon Thorpe a ƙasar Faransa ya riƙa walƙa wa mutane hotuna, ya iske ƙwaƙwalwa ta kan rarrabe ko akwai dabba a hoto cikin misalin kashi ɗaya cikin bakwai na sakan, kamar ƙiftawar ido. Yawan abin da ta ke riƙewa ma haka. A 1973 Lionel Standing a Kanada ya nuna wa waɗansu mutane hotuna 10,000, kowane hoto sakan biyar. Da a ka gwada su daga baya, a ka haɗa tsohon hoto da sabo a ka ce su zaɓi wanda su ka taɓa gani, sun yi daidai wajen sau 83 cikin 100. A 2018 kuma masana a York ta Ingila su ka lissafta cewa mutum ya kan san fuskoki wajen 5,000. Wane magatakarda ne zai iya ajiye irin wannan lissafi? Dauda ya yi gaskiya a Zabura 139 da ya yi mamakin yadda a ka ƙera jikinsa, ko da ya ke bai san ko kaɗan daga cikin waɗannan abubuwa ba.

Yadda abu ya ke zama a kai

Ku tuna da turba a jeji. Mutum ɗaya ya ratsa ciyawa, kafin gobe ta miƙe, sawunsa ya ɓace. In mutane su ka dinga bi kowace safiya zuwa rijiya, sai turba ta fito sarai, har da dare ƙafa ta san ta. Haka ƙwayoyin nan su ke. Duk sa'anda waɗansu su ka yi aiki tare, haɗin da ke tsakaninsu ya kan ƙara ƙarfi. Wani masani a Kanada, Donald Hebb, ya faɗi haka tun 1949, binciken da a ka yi bayansa kuwa ya tabbatar. To, ganewa ita ce sa'anda abin da ke gaban ido ya hau tsohuwar turba. Uwa ta ga ɗanta sau dubu dubu, yana dariya, yana kuka, da rana, da hasken fitila, ta gaba, ta gefe, da aski, da suma. Turbarsa a kanta ta zama babbar hanya. Ƙura da rama ba su isa su shafe ta ba.

Wannan aiki ya kan soma da wuri. A 1980 a ka gwada jarirai a Amurka waɗanda ba su wuce kwana uku da haihuwa ba, a ka iske sun fi son muryar uwarsu bisa muryar wata mace, gama sun daɗe suna jinta tun suna ciki.

Akwai kuma wani ɗan sashe mai-lanƙwasa a zurfin kai, ɗaya a dama ɗaya a hagu, likitoci suna ce da shi hifokamfus. Shi ne kamar mai-tsaron rumbu, ta hannunsa sabon abu ya ke shiga ajiya. An san haka ta wurin wani saurayi a Amurka, Henry Molaison, wanda farfaɗiya ta dame shi. A 1953, yana da shekara 27, likita ya cire masa yawancin wannan sashe a gefe biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, ya kuma riƙe abubuwa da yawa na ƙuruciyarsa, amma daga ran nan sabon abu ba ya zama a kansa. Malama Brenda Milner ta yi shekaru tana zuwa wurinsa, kowane zuwa sai ta sake gaya masa sunanta. Haka ya zauna har ya rasu a 2008.

Ganewa kuma iri biyu ce, kowa ya taɓa jin bambancinsu. Ka gamu da wani a tashar mota a Funtuwa, zuciyarka ta ce na san mutumin nan, amma ina? Ka yi ta tunani, sai bayan mota ta tashi ka tuna, ashe mahaucin nan ne na kasuwarku, yau ya sa babbar riga. Na fari jin sabo ne kawai, ya kan zo da sauri, ba ya faɗin suna ko wuri. Na biyu tunawa ce, ita ce ta ke kawo suna da wuri da lokaci, ta kan kuwa makara. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi.

Makiyayi da tumakinsa

Ku dubi Bafillatani da garkensa. Kowace saniya da sunanta, ya san ƙahonta, da tabonta, da tafiyarta, ya san uwarta da kakarta. In ya yi kira, wadda a ka kira ita ta ke ɗaga kai. A shekarun nan na satar shanu, sa'anda hukuma ta ƙwato dabbobi daga daji ta tara su, ta kan yi shela masu-su su zo su duba, mai-dabba kuwa ya kan fid da tasa daga cikin taro ko ta rame. Dabbar ma ta kan san shi. A 2001 Keith Kendrick da abokansa kusa da Kambirij ta Ingila su ka nuna tunkiya tana iya riƙe fuskokin tumaki 50 har fiye da shekara biyu. A 2017 kuma a Kambirij a ka koya wa tumaki takwas gane hotunan mutane, da a ka sa hoton mai-kiwonsu tare da na baƙo, sau da yawa sai su nufi na mai-kiwonsu, ba tare da an koya musu wannan ba.

Yanzu ku koma kan Yohanna sura 10. Ubangiji Yesu ya kira kansa makiyayi mai-kyau. Ya nuna yana kiran nasa da suna ɗaya ɗaya, suna kuwa binsa saboda muryarsa sananniya ce gare su, baƙo kuwa in ya kira, gudu su ke yi. Ku lura, tunkiya ba ta da wayo, ba ta iya muhawara da ɓarawo. Abin da ya ke tsaronta shi ne ta saba da murya guda. Ta ina ta saba? Ta wurin ji safe da yamma, rani da damina.

Ya ɗan'uwana, kai fa? Yaron nan Sama'ila, sa'anda Ubangiji ya kira shi da dare, har sau uku yana gudu wurin Eli, gama bai saba da muryar ba tukuna. Baiwar nan Roda kuwa, cikin Ayyukan Manzanni sura 12, ta ji ƙwanƙwasa da tsakar dare, ba ta ko buɗe ƙofa ba ta san Bitrus ne, domin ta sha jinsa yana koyarwa. Mutumin da ba ya buɗe Littafi sai ran Lahadi, turbar Maganar Allah a kansa ciyawa ta rufe ta. Ran da wani ya zo da baƙuwar koyarwa, ko mai-tsubbu ya zo da laya a lokacin tsoro ya ce harsashi ba zai huda ba, ko abokai su ka ce zo mu rama, da me zai gwada muryarsu? Annabi Ishaya, a farkon littafinsa, ya kunyata Isra'ila da sa da jaki, gama su sun san mai-su da wurin cinsu, jama'ar Allah kuwa sun manta da nasu. Maigida, ka tara iyalinka kowace safiya ko aya biyar ce ku karanta. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ɗan makaranta ya karanta masa. Yau da gobe ita ta ke fid da turba.

Sa'anda ido ya gani bai gane ba

Akwai wata cuta mai-ban tausayi. A 1947 wani likita a Jamus, Joachim Bodamer, ya rubuta labarin wani saurayi da harsashi ya same shi a kai lokacin yaƙi. Ya warke, yana ganin ido da hanci da baki sarai, amma bai iya gane fuskar kowa ba, ko ta danginsa, ko tasa a madubi, sai in mutum ya yi magana. Waɗansu ma da haka a ka haife su, masana suna kimanta kamar mutum biyu cikin ɗari. Saboda haka in wani ɗan'uwa ya saba wuce ka a hanya ba gaisuwa, kada ka yi saurin cewa girman kai ne. Ka yi masa sallama ka faɗi sunanka.

Amma ko mai-lafiya ya kan kasa ganewa, in abin ya zo ta inda bai zata ba, gama ƙwaƙwalwa ta kan shirya tun da wuri abin da ta ke tsammani. Ku tuna da 'yan'uwan Yusufu cikin Farawa sura 42. Yana ɗan shekara 17 su ka sayar da shi. Fiye da shekara ashirin su ka wuce. Su goma su ka tsaya a gabansa, shi ya gane su nan da nan, gama tufafinsu da harshensu na nan yadda ya bar su. Su kuwa ba ko ɗaya da ya gane shi. Suna neman hatsi a wurin wani babban Bamasare mai-sarƙar zinariya, mai-magana ta bakin tafinta. Wa zai nemi bawa a kan kujerar mulki? Maryamu Magadaliya ma, da asuba a bakin kabari, gawa ta ke nema, sai ta ɗauka Mai-rai ɗin nan mai-aikin lambu ne, har ya kira sunanta. Almajirai biyu na hanyar Imwasu, cikin Luka sura 24, an rufe idanunsu su ka yi doguwar tafiya da shi, sai da ya ɗauki gurasa ya kakkarya kamar yadda ya saba, sa'an nan su ka san shi.

Ga abin da ya shafe mu. Cikin Matta sura 25 Ubangiji ya nuna cewa a ranar shari'a mutane za su yi mamaki, su tambaya yaushe su ka gan shi da yunwa, ko baƙo, ko tsirara. Sun gan shi, ba su gane ba. A garuruwan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara an ga mutanen ƙauyuka da su ka gudo daga hari, mata da goyo, tsofaffi da ƙullin kaya a ka, suna kwana a makarantu da zaurukan mutane. In muna jiran Ubangiji ya zo mana cikin farar riga, za mu wuce shi a bakin tasha. Zumuntar mata da ta dafa tuwo ta kai musu, ba ta tambayi ko na wace addini ne ba, ita ce ta gane shi.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu mun zo kan zunubin nan da a ka ambata da fari. Ƙwaƙwalwar da ta ke gane ɗa cikin ƙura, ita ce kuma ta ke iya rantsuwa a kan mutumin da bai yi kome ba. Dalili kuwa ga shi. Fuskar da mu ka saba da ita tana da babbar hanya a kai. Fuskar baƙo da mu ka gani sau ɗaya, sawu ɗaya ne cikin ciyawa. Masana sun gwada sun ga mutane suna gane na-gida ko a hoto marar-kyau, amma suna yawan kuskure a kan baƙo ko a hoto mai-kyau. Kuskuren ya kan ƙaru in da dare ne, in da tsoro, in fuska a rufe da rawani, in kuma da bindiga, gama ido ya kan manne wa bakin bindiga ya bar fuskar mai-riƙe da ita. Ya kan ƙaru kuma in mutumin na wata kabila ne wadda ba mu cika cuɗanya da ita ba. Shi ya sa za ka ji wani ya ce ai su duk kamarsu ɗaya. Ba kamarsu ɗaya ba, idonsa ne bai saba ba.

Har wa yau, tunawa ba ta zama yadda a ka ajiye ta. A 1974 Elizabeth Loftus a Amurka ta nuna wa mutane hoton majigi na karon mota. Waɗansu a ka tambaye su da kalma mai-sauƙi, waɗansu da kalma mai-zafi, kamar a ce motocin sun ragargaje. Bayan mako guda, waɗanda su ka ji kalma mai-zafi sun fi yawan cewa sun ga fasassun gilasai, alhali ba gilashin da ya fashe. Maganar mai-tambaya ta shiga cikin abin da su ka gani, ba su sani ba. Ku tuna kuma da jin sabon nan wanda ba ya faɗin wuri. Mutum ya taɓa ganin wani makiyayi yana sayar da rago a kasuwa. Bayan hari ya sake ganinsa, zuciyarsa ta ce na san fuskar nan, tsoro ya ƙarasa masa sauran, ya ce a daren nan na gan shi.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A Amurka, daga 1989 zuwa 2020, mutum 375 da a ka ɗaure a ka sake su bayan gwajin ƙwayar halitta ya nuna ba su ne su ka yi laifin ba. Wajen 69 cikin 100 nasu, shaidar ido ce ta kai su kurkuku. Ɗaya daga cikinsu Ronald Cotton ne. A 1984 wani ya shiga ɗakin wata ɗaliba, Jennifer Thompson, da dare ya ci mutuncinta. Ta dube shi da kyau da niyyar ta gane shi daga baya. Ta nuna Cotton, ta rantse a gaban alƙali da dukan zuciyarta. Ya yi fiye da shekara goma a ɗaure, sai a 1995 a ka gano wani ne dabam. Ba ƙarya ta yi niyya ba, ta gaskata abin da ta faɗa. Daga baya ta nemi gafararsa, ya kuwa gafarta mata.

Ishaku ma haka ya yi cikin Farawa sura 27. Kunnensa ya gaya masa muryar Yakubu ce, hannunsa ya taɓa fatar akuya, hancinsa ya ji ƙanshin rigar Isuwa. Ya yi shakka, amma bai dakata ba, ya sa albarka, abin kuwa bai komu ba. Allah wanda ya yi ƙwaƙwalwa ya san iyakarta. Domin haka ya umarta cikin Kubawar Shari'a sura 19 kada a kama mutum da laifi a bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku, alƙalai kuma su bincika da kyau. Doka ta tara ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta kuwa ware Bafillatani ko Bahaushe ba.

A ƙasarmu yau, nuna mutum da yatsa a kasuwa a ce ɗan bindiga ne, ko mai-kai musu labari, ya isa ya sa a kashe shi kafin la'asar. In ba shi ne ba, jininsa yana kan wa? Danginsa kuma su ɗauki fansa a kan wani ƙauye, wuta ta ci gaba. Saboda haka, ya mai-bi, in an yi maka ɓarna, Allah ya san zafin da ke zuciyarka, ba kuwa a ce ka ɓoye gaskiya ba. Amma ka kiyaye waɗannan. Ka faɗi abin da ka gani da wuri, kafin ka ji na sauran mutane ya gauraya da naka. Ka rarrabe tsakanin na san shi tun da daɗewa, da ya yi mini kama. In ba ka tabbata ba, ka ce ban tabbata ba, wannan ba ragonci ba ne, tsoron Allah ne. Ka kai maganarka wurin mai-gari ko hakimi ko 'yan sanda, kada ka kai ta wurin taron masu-fushi. Hoton da a ke yawo da shi a waya an ce ga mugu, kada ka tura shi gaba, gama wanda ya ga hoton yau, gobe zai rantse ya taɓa ganin mutumin.

Masu-firgita a cikinmu

Akwai kuma wani ɗan sashe a kai, bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, a na ce da shi amigdala. Shi ne mai-gadi. Abin da ya taɓa zuwa tare da haɗari, ya kan riƙe shi da ƙarfi, in ya sake jin mai-kama da shi sai ya buga ƙararrawa tun tunani bai iso ba. Domin haka yaron da ya kwana a daji, ko matar da a ka kai wa ƙauyensu hari, su kan zabura da ƙarar babur, zuciya ta yi ta bugawa, barci ya ƙi zuwa. Kada dattawan ekklisiya su ce rashin bangaskiya ne, kada kuwa a ce aljanu ne. Mai-gadin ne ya ƙi sauka daga aiki. A zauna da su, a saurare su ba gaggawa, a yi addu'a tare, in abin ya daɗe a kai su asibiti. Sannu a hankali ƙwaƙwalwa ta kan koyi cewa ba kowane babur ne na mugu ba.

Wanda ba ya mantuwa

A ƙarshe, 'yan'uwa, duk wannan kyakkyawan aiki na jiki mai-lalacewa ne. Waɗansunmu sun ga tsohuwa wadda ciwon mantuwa ya kama, ɗanta na cikinta ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce kai wane ne? Ba abin da ya fi wannan ciwo a zuciyar ɗa. Amma cikin Ishaya sura 49 Ubangiji ya riga ya amsa, ya nuna ko da mai-shayarwa za ta manta da jaririnta, shi ba zai manta da nasa ba. Cetonmu bai rataya a kan ƙarfin tunawarmu ba. Tsohuwar nan ko ta manta da sunan Yesu, Yesu bai manta da nata ba.

Uban nan na cikin Luka sura 15 ya hango ɗansa tun daga nesa, cikin tsumma, a rame, da warin aladu, ya gane shi, ya sheƙa a guje. Kai mai-karatu, wataƙila zunubi ya kora ka cikin daji, ƙura ta rufe ka har kana cewa ba wanda zai san ni. Makiyayi ya san ka, ya kuwa ba da ransa dominka. In ka ji kiransa yau, ka amsa. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa ganinmu na yanzu kamar na madubi mai-hazo ne, amma rana tana zuwa da za mu gan shi ido da ido, mu san shi kamar yadda ya san mu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka saboda ido da kunne da hankali da ka ba mu. Ka sa mu saba da muryar Ɗanka, mu gane shi cikin mayunwata da 'yan gudun hijira. Ka tsare bakinmu daga shaidar da ba mu tabbata ba. Ka komo da waɗanda su ke hannun miyagu, ka warkar da masu-firgita, ka ba ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa salama. Cikin sunan Yesu Kristi Mai-cetonmu. Amin.